Mece ce ma'anar kalmar "compact"?

Tambaya: Malam, na ji injiniya a wurin aikin titi yana cewa a yi "compact" ɗin ƙasa, ga shi kuma faifan CD cikakken sunansa "compact disc". Me ya haɗa ƙasa da faifai?

Amsa: Matsuwa ce ta haɗa su. Kalmar ta samo asali daga Latin, "compactus", wato abin da aka harhaɗa aka ɗaure tamau. Idan Bature ya ce a yi "compact" ɗin abu, nufinsa a danne shi har ya danƙare, iska ta rasa wurin fakewa a ciki.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tuna daɓe: mata su yayyafa wa ƙasa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi har tsakar ɗaki ta yi tauri. Abin da injiniyan nan yake so ke nan, sai dai shi da rola yake nasa daɓen. Yayyafin ma da dalilinsa, domin busasshiyar ƙasa ba ta kamuwa, wadda ta jiƙe sharkaf kuwa taɓo take zama. Titin da aka yi wa ha'inci a wannan mataki, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri.

Kalmar kuma tana zuwa a matsayin siffa, ana faɗa wa abin da ya ƙunshi kaya da yawa a ɗan wuri. Faifan da kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982 faɗinsa santimita 12 ne, alhali babban faifan garmaho ya kai 30, amma sautin da ƙaramin yake ɗauka ya fi yawa. Shi ya sa nake hana ɗalibai fassara ta da "ƙarami" kawai. Ƙwayar gero ƙarama ce, ba a ce mata "compact". Curin fura kuwa ya cancanci sunan, don dunƙulalle ne, ba gurbi a cikinsa.

Kada kuma ka rikita ta da "squeeze", wannan ita ce matsa irin ta lemon tsami, a fitar da ruwa.

Akwai wata "compact" ɗin da za ka ci karo da ita a littattafan tarihi, mai nufin yarjejeniya, kamar Mayflower Compact da Turawan Ingila masu ƙaura zuwa Amurka suka sa wa hannu a 1620. Rubutunsu ne ɗaya, amma tushenta a Latin daban ne, ita dangin "pact" ce.