Tambaya da Amsa: Dún Chaoin, ƙauyen da ya riƙe harshen Ayirish

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a birnin Dublin na ƙasar Ayilan, kuma ya gaya mini cewa allunan kan hanya duk da harsuna biyu aka rubuta su, Turanci da Ayirish, amma da wuya ya ji wani yana magana da na biyun a kasuwa ko a cikin mota. Shin akwai inda ake magana da wannan harshe da gaske, kuma yaya rayuwar mutanen wurin take? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ɗanki ya lura da shi gaskiya ne. Tsarin mulkin ƙasar na shekarar 1937 ya sanya Ayirish a matsayin harshen hukuma na farko, kuma ana koyar da shi a makarantu, amma ƙidayar 2022 ta nuna cewa mutum kusan 72,000 ne kawai suke magana da shi kullum a wajen aji. Yankunan da harshen ya rage a bakin jama'a ana kiransu Gaeltacht, kuma mafi yawansu suna can yamma, a gaɓar Tekun Atlantika. Bari in ɗauki ƙauye guda in yi miki bayaninsa, wato Dún Chaoin da ke ƙarshen zirin Dingle a gundumar Kerry.

Ƙauyen yana kwance ne tsakanin tuddai da teku, gidajensa a warwatse, gonakinsa ƙanana, an kewaye kowace da katangar duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba. Bishiyoyi ba su da yawa saboda iskar teku ba ta barinsu su yi tsayi, ruwan sama kuwa ba shi da lokaci, yana iya sauka a kowane wata. Wata siririyar hanya ce take gangarawa a karkace daga saman dutse zuwa mashigar jiragen ruwa, kuma ta nan ake koro tumakin da aka ɗauko daga tsibirin da ke kusa. Mutanen da can da kamun kifi da kiwo da noman dankalin Turawa suka rayu. Sukan kwaso ciyawar teku su zuba a gona a matsayin taki, su kuma haƙo baƙar ƙasar fadama su shanya ta, idan ta bushe su hura wuta da ita a maimakon itace. Kwalekwalensu, wanda suke kira naomhóg, ƙirar katako ce marar nauyi da ake lulluɓewa da zane mai kauri a shafe shi da kwalta, kuma idan an fito daga ruwa sai mazaje su kifa shi a kawunansu su hau tudu da shi.

Daga bakin ƙauyen ana hango babban tsibirin Blasket, kuma tarihin wuraren biyu a haɗe yake. A wajen 1916 mazauna tsibirin sun kai kimanin 175, duk da Ayirish suke magana. Da dare sukan taru a gida guda a yi hira da waƙa da tatsuniya a bakin murhu, kamar yadda yaranmu suke kewaye kaka bayan sallar isha'i. Peig Sayers, wadda aka haifa a Dún Chaoin a 1873 ta kuma yi aure a tsibirin, ta shahara da wannan baiwa, har masu tattara adabin baka suka rubuta ɗaruruwan labarai daga bakinta. Wasu masunta na tsibirin ma sun rubuta tarihin rayuwarsu da harshensu, aka fassara shi zuwa harsuna da dama.

Sai dai shahara ba ta hana matasa tafiya ba. Kasuwar kifi ta faɗi, samari da 'yan mata suka riƙa ƙaura zuwa Amurka, musamman garin Springfield na jihar Massachusetts, kowa ya samu wurin zama sai ya aiko wa ƙanensa kuɗin jirgi. An rufe makarantar tsibirin a 1941. A 1947 wani saurayi ya rasu da cutar sanƙarau a daidai lokacin da teku ta yi haukan da babu damar ɗauko likita, wannan kuwa ya karya zukatan waɗanda suka rage. A watan Nuwamba na 1953 gwamnati ta kwashe mutum 22 na ƙarshe, yawancinsu aka zaunar da su a Dún Chaoin, inda suke iya hango kufansu.

A ganina, wannan ne ya sa mutanen ƙauyen suka tsaya kai da fata lokacin da gwamnati ta rufe makarantar firamarensu a 1970 bisa hujjar ƙarancin ɗalibai. Sun riga sun ga abin da ya biyo bayan rufe makarantar tsibiri, don haka suka ci gaba da karatu da malaman sa-kai, magoya bayansu suka yi tattaki har Dublin, aka kuma sake buɗe makarantar a 1973. Har yau tana nan, ana koyarwa da Ayirish. Gidan rediyon Raidió na Gaeltachta da aka kafa a 1972 da tashar talabijin ta Ayirish da ta fara aiki a 1996 sun ƙara wa harshen ƙarfi.

Matsalar yau ta gidaje ce. Kyawun wurin ya jawo masu kuɗi suna sayen gidajen hutu da ke zama a kulle yawancin shekara, farashi ya hau, matasan ƙauyen da suke son yin aure su zauna kusa da iyayensu suna rasa muhalli. Duk iyalin da ya tashi, yaran da za su yi wasa da Ayirish a farfajiyar makaranta ne suka ragu, kuma wannan ya fi damuna fiye da komai.

Idan ɗanki zai je, ya bari sai lokacin zafi, tsakanin Yuni da Agusta. Akwai cibiyar tarihin Blasket a ƙauyen, kuma ƙananan jiragen ruwa suna ƙetarawa da baƙi zuwa tsibirin a ranakun da teku ta kwanta.