Na sa wa fankata roba amma girgizar sai ta ƙaru, me ya jawo?

Tambaya: Salam injiniya. Ina da babbar fankar masana'anta mai zuƙe ƙura, girgiza take har notuna na kwancewa. Na sa mata roba a ƙasa sai abin ya ma fi da. Kuma in aka rage gudu ko aka ƙure shi sai ta ɗan lafa, a tsakiya ne take haukacewa. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam. Ai maganarka ta ƙarshe ita ta tona asirin matsalar. Duk abin da ke da nauyi kuma yake ɗan lanƙwasuwa yana da nasa saurin kaɗawa, firam ne (ƙarafan da ke riƙe da inji), shaf ne (sandar ƙarfen da ke juyawa), ko inji a kan roba. To in gudun inji ya zo daidai da wannan saurin sai kowane zagaye ya riƙa ƙara wa na baya ƙarfi, kamar mai tura lilo a daidai lokacin da ya dawo, ɗan turi kaɗan amma lilon sai sama yake yi. Shi ne rezonans.

Robar da ka sa ba ta kashe girgiza haka kawai, canza wannan saurin take yi, kuma da alama ta jawo shi kusa da gudun fankarka ne. Roba ko sifirin ba sa fara tare girgiza sai gudun inji ya wuce saurin kaɗawarsu da ninki 1.4, ƙasa da haka ƙara ta ma suke. Mu a wajen aiki ninki 3 ko fiye muke nema. Misali fanka mai zagaye 1500 a minti, sau 25 kenan a sakan, to saurin kaɗawarta a kan abin da za ta zauna bai kamata ya wuce wajen sau 8 a sakan ba, wato mai laushi sosai wanda aka zaɓa daidai nauyinta, ba guntun roba mai tauri da aka yanko aka cusa ba.

Amma ni a ganina kar ma ka fara da robar. Fankar ƙura, zargina na farko ƙurar ce ta manne a fukafukai gefe ɗaya ya fi nauyi, kuma ƙarfin wannan rashin daidaiton in ka ninka gudu sau 2 shi sau 4 yake ninkuwa, shi ya sa ɗan abin da ido zai raina yake iya jijjiga ɗaki guda. Kashe ta, cire wuta gaba ɗaya, kankare fukafukan tas, duba ko akwai tsagewa a walda, in ba ta daina ba a yi mata balansin, wato a daidaita nauyin fukafukan. Sai shaf ɗin moto da na fanka, sun saitu kuwa? Boris fa, wanda shaf ke juyawa a cikinsa, yana zafi ko ƙara? Ƙafafun duka sun zauna daram? In ka samu mai na'urar awon girgiza ya fi, don girgizar da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagaye galibi rashin balansin ne, in ta fito da ƙarfi sau 2 a kowane zagaye sai a zargi saitin shaf.

Manyan ayyuka ma rezonans ɗin na kama su. Gadar Millennium ta Landan a 2000 kwana 2 da buɗewa aka rufe ta saboda takun mutane na kaɗa ta gefe da gefe, sai 2002 aka sake buɗewa bayan an sa mata na'urorin shanye girgiza.

In bayan duk wannan tana nan a wancan gudun na tsakiya, ko a ƙarfafa firam, ko in kana da inbata mai sarrafa gudu a saita ta ta riƙa tsallake wurin. Kar dai ka ci gaba da ɗaure noti kana barinta tana aiki, ƙarfe na gajiya, kuma fiffiken da ya ɓalle a kan gudu yana iya fasa murfi ya ji wa mutum mummunan rauni.