Halwar neman tsawon rai: amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, ka tambaye ni game da masu shiga halwa don neman tsawon rai ko wata baiwa da ta wuce ta ɗan Adam, ko abin ya kai a rabu da mutane dominsa. Bai kai ba.

Da kwaɗayin dawwama Iblis ya yaudari Annabi Adamu, ya ce zai nuna masa itaciyarta. Duba Suratu Ɗaha, aya ta 120. A zamanin nan wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa. Shekara 122 ta yi, ta rasu a 1997, bayan ta binne 'yarta tilo da jikanta tilo. Mai tsawon rai shi ke ta zaman karɓar gaisuwa.

Halwar da malaman ɗariƙa suka sani ta gyaran zuciya ce, kuma galibi kwana arba'in ce, kwatankwacin daren da Annabi Musa ya yi. Ba a shiga sai da izinin shehi, shi zai yanka maka wuridi, ya riƙa bibiyarka. Ka bar wa iyali abin da zai ishe su. Ci kuwa sannu a hankali ake rage shi. Jam'i da Juma'a suna nan a kanka.

Barci ne ke fara kayar da mutum. Wanda ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ido kan soma yi masa gizo, ya ji ana kiran sunansa a ɗakin da ba kowa. Sai ya ce buɗi ya zo, ya ƙara wuridi, ya ƙara rage barci. Ba mai ce masa kai, kwanta. Ta nan taɓin hankali ke shigowa. Wani ya haɗa azumi ba buɗe-baki, alhali Manzon Allah (SAW) ya hana. Ranar fitowa ma da haɗarinta: cika ciki bayan doguwar yunwa kan rikita gishirin jini har ya taɓa bugun zuciya.

Ko fursuna, ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sun hana a kulle shi shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

In keɓewa kake so, jira goman ƙarshe na Ramadan ka shiga i'itikafi a masallaci, inda za ka yi sahu da jama'a sau biyar kullum. Ka sanar da mahaifinka kafin lokacin.