Gidan masana'anta ko na bulo: me za ka ce wa mai saye?

Ka tambaye ni, yaro, in mai neman gida ya tsare ka ya ce ka zaɓa masa tsakanin wanda ake ƙerawa a masana'anta a kawo a harhaɗa, da wanda muke ɗorawa bulo bisa bulo, wanne za ka nuna masa. Kada ka yi gaggawar amsa. Ku fara zuwa filin tukuna.

Duba hanya. Faɗin tirela kusan mita 2.5 ne, ɗakin da ya wuce haka sai da izinin hukuma a hau titi da shi. Ga injin ɗaga kaya da zai sauke shi, yana bukatar ƙasa mai ƙarfi da sararin juyawa, babu wayar wuta a samansa. In lungu ne mai kwana-kwana, magana ta ƙare, sai dai irin wanda ake kawo bangonsa falle-falle a ɗaure a wurin.

Sai fandisho, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Aikin bulo yana da yafiya. In tushe ya kauce da santimita 1 ko 2, birkila zai cinye shi a kaurin kwaɓi kafin ya kai layi na uku, filasta ta rufe sauran. Gidan masana'anta bai san wannan ba. An yanka shi an gama, 'yan milimitoci kawai zai ɗauke maka. Ka ja igiya, ka fitar da kusurwa da awon 3-4-5, wato ka auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, tsakanin ƙarshensu ya zo 5, sannan ka gwada daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, dole su zo daidai. Ƙarafunan da za a ɗaure gidan a kansu cikin ɗanyen kankare ake dasa su, don haka ka huda katako bisa zanen kamfanin ya riƙe su kafin zubi. In suka goce, ranar da kaya suka iso za ka ga ramin noti a nan, ƙarfe a can, ga injin haya yana cin kuɗi. In kuma lebur bai zauna ba, ƙofa ta ƙi rufuwa, mahaɗar ɗaki da ɗaki ta buɗe baki.

Saurin da ake yaba masa gaskiya ne, amma ka san inda yake fitowa: ana ƙera gidan a inuwa yayin da kai kake haƙa. Kankare kuwa bai san sauri ba. Ban ruwa kwana 7 aƙalla, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, ko wane irin gida za a ɗora.

Kowanne da inda yake ciwo. Na bulo a hannun ma'aikata yake lalacewa: a ce kwaɓi 1:6, wato awon siminti ɗaya yashi shida, a yi 1:10, a zuba linta rodi yana manne da katako babu santimita 2.5 na kankaren da zai rufe shi, a manta ledar hana danshi a ƙarƙashin daɓe. Bayan shekaru sai tsaga da jirwaye a gindin bango. Na masana'anta awonsa ya fi namu tsafta, wannan ba na musu. Ciwonsa mahaɗa. Inda ɗaki ya haɗu da ɗaki, roba da gam ne ke tare ruwa, rana kuma tana cinye su, dole a riƙa dubawa ana sabuntawa. In bangon kwano biyu ne da soso a tsakiya, bakin da aka yanka shi ne ke fara tsatsa. In na katako ne, tambayi maganin gara, ka kuma ɗaga shi daga ƙasa.

Wajen zafi, bulo yana shanye rana da yini ya amayar da dare. Bango mai soso ba ya riƙe zafi, amma in babu mafitar iska yakan yi gumi ta ciki.

Daga nan ka tambayi mai gidan abu biyu. Na farko, yadda kuɗinsa ke shigowa. Mai samu kaɗan-kaɗan bulo ne nasa, ya kai linta bana ya yi rufi baɗi. Kamfani kuwa yana karɓar kaso mai tsoka kafin ya yanka ƙarfe ɗaya, kuma farashin da ya faɗa sau da yawa babu fandisho, jigila, hayar inji, sokawe, da jan ruwa da wuta. Ku rubuta su duka kafin a kwatanta. In bashin banki zai ci, ya fara jin ko suna karɓar irin wannan gida jingina.

Na biyu, ko zai ƙara ɗaki nan gaba. A bangon bulo ka sa linta ka fasa ƙofa. A na masana'anta, ƙarfen da ka ga ya tsaya maka a hanya wataƙila shi ke ɗauke da rufin, kada ka kusance shi da injin yanka sai zanen kamfanin yana hannunka, injiniya kuma ya duba.