Takardar lantarki da sikirin mai fitila, wanne ya fi daɗin karatu?

Yarona, jiya da muna rufe shago ka ce mani "Oga wai me ya sa Kindle ɗin nan ko an cire mashi batir rubutun bai ɓacewa, kuma da gaske ne ya fi waya da tablet sauƙi a ido?" Lokacin an fara kiran magariba shi ya sa ban tsaya ba, to ga amsar, ka karanta a natse don gobe kwastoma zai iya yi maka irin tambayar kuma ba na so ka tsaya kana sosa ƙeya.

Abu na farko da za ka riƙe, ka tambayi kanka daga ina hasken ke fitowa. Duk sauran bayanin daga nan ya taso.

Sikirin ɗin Tecno da Itel da kake ɓarewa kullum ai ka san cikinsa, akwai layin ƙananan fitilu a gefe, sai fararen ledojin nan da ke baza hasken ya game ko'ina, sannan gilashin LCD a sama wanda shi ba ya bada haske ko kaɗan, aikinsa kawai ya buɗe ma haske hanya ko ya tare shi. Shi ya sa in layit ɗin waya ya mutu sai ka haska tocila ka ga hoton yana nan dishi-dishi. AMOLED irin na manyan Samsung ba shi da fitilar baya, kowane ɗigo shi ke kunna kansa, amma dai duk tafiyar ɗaya ce, hasken daga cikin waya yake tasowa ya nufo idonka, kuma sikirin ɗin yana ta sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa ɗaya, wasu 90 ko 120, ko da shafi guda ka ƙura ma ido ba ka taɓa komai ba. Can cajin ke tafiya.

Shi kuwa sikirin Kindle, na'urar nan ta karanta littattafai, wanda ake ce ma E Ink, wato takardar lantarki, wata duniya ce daban. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi birjik, kowace faɗinta bai wuce kaurin gashin kai ba, cikin kowace akwai ruwa da ɓarɓashin fari da na baƙi, ɗaya na da cajin fozitib ɗaya negatib. In aka turo wuta kaɗan sai farin ya taso sama baƙin ya nutse, ko baƙin ya taso, da haka harafi ke fitowa. Kuma in sun taso sun zauna kenan, ba su bukatar wuta su ci gaba da zama. Kamar allonka ne na makarantar allo, in ka rubuta da tawada yana nan har sai ka wanke, ba ya bada haske, hasken rana ko na fitilar ɗaki ke sauka kansa ka gani. Har inuwar tsohon rubutu da ke saura a allo bayan wanki shi ma yana yi, shi ya sa lokaci-lokaci za ka ga fuskar ta yi baƙi wuluk ta dawo fari, wankewa yake. Kar wani ya kawo maka ya ce sikirin na ƙyafta ka hau kwance masa na'ura, lafiyarta lau.

Tunda sai an juya shafi yake cin wuta, caji ɗaya kan yi makonni in an kashe wayfay. Mu nan Katsina da ake iya kwana a wuni ba a kawo wuta ba ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin ba sabo ba ne fa. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, Sony suka fara fito da na'urar karatu da shi a Japan a 2004, Amazon suka zo da Kindle a 2007, yanzu kuma kamfanin yana hannun mutanen Taiwan, kuma Kindle da sauran na'urorin karatu irin su Kobo da Boox duk wurinsa suke sayen fuskar. Na farkon ba su da fitila sam, in dare ya yi sai ka nemi tocila. A 2012 aka fito da Kindle Paperwhite mai fitila, to a nan yara da yawa ke ruɗewa su ce ai ya zama irin waya. A'a. Fitilun suna gefe, akwai siririn faifai a saman fuskar da ke kwantar da hasken a kan rubutun, wato shafin ake haskawa daga gaba, kuma kana iya kashe ta gaba ɗaya da rana ka yi karatunka. Kashe layit ɗin waya ka ga ko za ka ga wani abu.

Maganar ido kuma, nan nake so ka yi hankali da bakinka. Kar ka ce ma kowa waya na makantarwa don ka sayar mashi da kaya, haramun ne kuma ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa gajiya ce, mutum ya kashe fitilar ɗaki ya ƙure haske ya manna waya a hanci awa uku, ga shi in ana kallon sikirin ƙyafta ido na raguwa, ga iskar hunturu da ƙura sun riga sun busar da idon, dole ya ji yaji-yaji da ciwon kai. Wasu AMOLED ɗin kuma in an rage haske fitilar na kunnuwa tana mutuwa da saurin da ido bai gani, akwai mutanen da hakan ke sa ma ciwon kai. Mai waya in ya daidaita haskenta da na ɗakin, ya ƙara girman rubutu, yana ɗan ɗaga kai ya kalli nesa, rabin matsalar ta tafi. Batun barci ne ma aka gwada, a wani bincike na wani asibiti a Boston da aka wallafa cikin 2014 an sa mutum 12 karatu a iPad da cikakken haske kafin kwanciya, sai aka ga sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su da kamar minti 10 in aka kwatanta da daren da suka karanta littafin takarda. Minti goma ba tashin duniya ba ne, amma ga mai son tashi asuba kullum yana taruwa.

Inda E Ink ya yi ma waya fintinkau a ganina shi ne cikin rana. Zauna gindin bedi da azahar watan Afrilu ka buɗe waya, sai ka ƙure haske kana kare ta da hannu, ta ɗau zafi, caji na zuba, shi ko wancan ƙara fitowa ma yake tar. Sannan ba WhatsApp ba TikTok da za su fizge ka, ni wallahi wannan ma ya fi mani batun idon.

Amma fa ba kowa zan ce ya saya ba. In malami ya zo ya ce littattafansa na Larabci ne da aka yi ma sikanin aka maida PDF, masu sharhi ƙanana a gefe da wasulla, kar ka soma haɗa shi da mai inci 6, zai dawo ya zage ka, don PDF ba ya sake jera layi, sai dai a ja a ƙara girma, kuma E Ink nauyin jiki gare shi, kowane ja sai ya yi tunani. Wannan tablet mai inci 10 ya dace da shi. Haka ɗaliban jami'ar UMYU ta nan Katsina ko na Poli masu hand-awut da zane mai kala da bidiyon darasi. Akwai masu kala yanzu, Kobo da Kindle duk sun fitar a 2024, amma kala 4,096 ce kawai kuma a koɗe take, ga tsada. Masu karatun nobel na Hausa da ake turowa guruf-guruf a WhatsApp su ma sai an kwashe fayil ɗin an tura ta kebul ko ta imel, wadda ba ta da haƙurin haka gara ta zauna kan wayarta. Wanda zai more shi shi ne mai karanta dogon rubutu zalla, shafi bayan shafi, fayil ɗin EPUB wanda zai ƙara girman harafi yadda yake so.

Ta ɓangaren aikinmu kuma, ƙarƙashin fuskar nan gilashi ne siriri ƙwarai, yana iya tsagewa daga ciki alhali waje ko ƙwarzane babu, sai ka ga rabin shafi ya daskare da layuka. In ka ga haka ba gyara sai canji, kuma kar ka yi alƙawarin rana, ba kaya ba ne da za ka aika Farm Centre a Kano a sako maka a mota da yamma, sau da yawa sai an yi oda daga waje kuma kuɗin ya kusa na wani tokumbo. Wajen buɗewa kar ka lanƙwasa shi, kar ka kusanto da bulowa kan fuskar, ka kuma gaya ma mai shi kar ya bar shi kan dashbod, su kansu Amazon digiri 35 suka ce iyakar zafin da za a yi amfani da shi, mu kuwa bazara muna haura 40.

Kuma ganin hoto a fuska ba ya nufin a kunne yake, mataccen batir ma hoton na nan. Ka sa shi caji ya jima, ka danne makunnin daƙiƙa 40, ka auna batir da mita kafin ka ce fanel ne. Tsofaffin wurin cajinsu micro USB ne irin wanda muke da shi a dirowa, daga Paperwhite na 2021 aka koma Type C. In kuma tokumbo za ka saya ma wani, ka haɗa shi da wayfay a gaban mai sayarwa ka ga ya karɓi sabon akawun, don wanda aka kai rahoton an sace Amazon na toshe shi ya ƙi rajista, sannan ka buɗe farin shafi ka ƙure fitila ka duba ko akwai tabo ko gefen da ya yi duhu kafin ka miƙa kuɗi.