Amsoshin Tambayoyinku: Wace kaza zan saya, a ina kuma za ta kwana?

Tambaya ta farko daga wata uwargida ce a Funtuwa. Ta ce ta ɗauki adashi, tana so ta sayi kaji ashirin ta riƙa kiwo a tsakar gida. Maigida ya ce ta sayi kajin Hausa, ƙawarta ta ce na gidan gona sun fi riba. Abin da ke ba ta tsoro shi ne bara da hunturu kajin maƙwabciyarta suka mutu ƙaf cikin mako guda.

Hajiya, Allah ya sa wa kiwo albarka. Da maigida da ƙawarki duk suna da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke hange ba. Kazar Hausa tana neman abincinta, tana kwanci, tana renon 'ya'yanta, ga jure wahala. Amma ƙwanta kaɗan ne, kamar 40 zuwa 60 a shekara, don tana yin goma sha wani abu sai ta tsaya ta kwanta. Kazar gidan gona mai ƙwai kuwa tana iya kusantar 300 a shekara, amma ba ta cika kwanci ba, kuma ba ta yafe abinci ko na yini ɗaya. Kowace tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana. Ki yi lissafi: kaji ashirin za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana goma sha ɗaya. Idan ba ki da inda kuɗin buhu na gaba zai fito, kada ki kusance su, domin da zarar abinci ya yanke ƙwai ma ya yanke.

Akwai na tsakiya. Noiler tana ba da nama da ƙwai, tana kuma kiwo a tsakar gida idan ana ƙara mata ɗan abinci safe da yamma. Shika Brown kuma cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya ce ta samar da ita domin ƙwai a irin yanayinmu. Ga mai fara kiwo a gida, ni na fi son a haɗa: 'yan Noiler kaɗan da kajin Hausa biyu ko uku waɗanda za su riƙa kwanci. Kuma ki nemi 'yan mako biyar ko shida da aka riga aka rena. 'Yan kwana ɗaya suna da araha, amma suna bukatar ɗumi dare da rana, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin asara.

Sai shawarar da na fi so ki riƙe: kada ki sayi ashirin. Ki sayi goma, sauran kuɗin ki kashe su a kan akurki da rigakafi. Abin da ya kashe kajin maƙwabciyarki, ga dukkan alamu, cutar nan ce ta Niyukasul da wasu ke kira fakat, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi, tana kashi kore mai ruwa, tana numfashi da baki buɗe, wata ma wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani. Kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwa ba ya taɓa ƙwayar da ke kawo ta, barkono da maɗaci ma haka. Raina yana ɓaci idan na ga mace ta yi wata shida tana tattalin kaji, a rasa su saboda allurar da kuɗinta bai kai na kaza ɗaya ba.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin wannan cuta. Akwai wanda ake kira I-2, ana ɗiga ɗigo ɗaya a idon kowace kaza, ya fi jure zafi, shi ya sa ya dace da kajin gida. Akwai Lasota da aka fi sawa a ruwan sha. Kowanne za ki saya, ki je wajen likitan dabbobi ko shagon da kika ga firij ɗinsa na aiki, ki ɗauko a fulas da ƙanƙara. Idan an haɗa shi da ruwa a yi amfani da shi nan take, kada ya wuce awa biyu, ba a ajiye ragowa. A maimaita duk wata uku zuwa huɗu, a tabbata an yi zagaye ɗaya kafin sanyi ya shigo, wajen watan Oktoba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajinki, don haka ki tara matan layinku ku haɗa kuɗi. Hakan ma ya fi, domin kajin unguwa tare suke kiwo. Lafiyayyar kaza ake yi wa, ba wadda ta riga ta kamu ba.

Duk kazar da ta shigo daga kasuwa ko aka kawo miki kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naki. Idan kika ga ana karyar da kaji a kasuwa da tsakiyar hunturu, ki yi hattara, sau da yawa mai su ya ga alamar ciwo ne yake so ya rabu da su.

Wani malamin makaranta daga Damagaram ya tambaya: ya sayi kejin ƙarfe mai rufin kwano wajen mai walda, ko ya gina akurkin laka irin na gargajiya? Kajinsa goma sha biyu ne.

Malam, kowanne da matsalarsa. Kaza ba ta gumi, da baki take fitar da zafi, shi ya sa za ka gan ta da bazara tana haki da fukafukai a buɗe. Ƙaramin keji mai kwano a zafin Damagaram na watan Afrilu zai iya kashe maka su da rana tsaka. Akurkin laka yana da sanyi, amma ƙofarsa ƙarama ce, iska ba ta ratsawa, shara tana wuya, tsagogin bango kuma maɓoyar ƙuma ce da kaska masu shan jinin kaji da dare.

Da ni ne, sai in gina bango iya gwiwa, in shafe shi sumul, daga nan zuwa rufi in sa waya mai ƙananan ramuka da ɓera ba zai iya shiga ba. Kwanon a ɗora masa zana ko ciyawa, ko a yi ginin ƙarƙashin bishiya. Tsawonsa ya bi gabas da yamma don kada rana ta riƙa dukan ciki. Kaji goma sha biyu, faɗin mita biyu da tsawon mita biyu ya ishe su kwana idan suna fita da rana. Ƙofa ta zama wadda kai kanka za ka iya shiga da tsintsiya, domin akurkin da mutum ba ya iya shiga ba a share shi. Da hunturu a rataya buhu ta gefen da iska ke bugowa, amma a bar sama a buɗe.

A ƙasa ka zuba ɓuntun shinkafa ko ɓawon katako na wajen kafinta, kaurin yatsu huɗu, kana juya shi. Wurin da ruwa ya jiƙa a kwashe nan take, don a danshi ne cutar kashin jini ke yaɗuwa a tsakanin 'yan tsaki. Ga gwaji mai sauƙi: da safe ka durƙusa ka kai fuskarka daidai tsayin kaza. In ka ji wari ya soki hancinka, idonka ya fara yaji, to abin da suka kwana suna shaƙa ke nan, shimfiɗar ta isa canji. Kada ka zubar, a tara ta ruɓe, taki ne mai ƙarfi. Ka gitta sanda su hau su kwana, ka ajiye tsohon kwando uku da ciyawa a lungu mai duhu domin ƙwai, a waje kuma ka cika tsohuwar taya da yashi da toka su yi birgima, yana rage musu ƙwarƙwata.

Wata ƙanwarmu daga Gombe ta ce ƙwan kajinta ɓawonsa laushi, wani ma suna fasawa su shanye. Dusa da gero take ba su. Ta sayi bitamin?

Ƙanwata, ba bitamin ba ne farko. Ɓawon ƙwai sinadarin kalsiyam ne, dusa da gero kuwa ba su da shi sosai. Ki sayi garin ƙashi ko dakakken ɓawon kawa a shagon abincin kaji, ki zuba a kwano daban. Ɓawon ƙwan da kuka ci ma ki shanya, ki gasa, ki daka sosai yadda ba za su gane shi ba. Ki ƙara musu ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken suya da ganyen zogale, ki kuma riƙa kwashe ƙwai sau biyu a rana.

Na ƙarshe wani matashi ne daga Gusau, yana so ya sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, kajinsa takwas.

Ƙanena, ka dakata tukuna. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma injin yana bukatar ɗumi wajen digiri 37 da rabi ba yankewa. In ba ka da sola da batir mai riƙe dare, ɗauke wuta na dogon lokaci zai lalata zubin duka. Kazar Hausa mai kwanci tana rufe ƙwai goma zuwa goma sha biyu, har na Noiler ko na zabo za ka iya sa mata, sai dai na zabo yana kai wa kwana 26 zuwa 28. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kajinka takwas. Kuɗin injin ka yi wa 'yan tsaki kejin waya da shi, su yi makonnin farko a ciki tare da uwarsu, shirwa da muzuru ba su kai gare su ba.