Kwalbar Port Ellen ta 1979: ta gaske ce, kuma yaya za a ajiye ta?

Malam, tambayarka biyu ce: ko kwalbar wiskin Port Ellen da aka yi maka tayi ta gaske ce, da yadda za ka adana ta.

An rufe matatar wiski ta Port Ellen da ke tsibirin Islay a Sukotland a 1983, sai 2024 kamfanin Diageo ya sake buɗe ta. Tsohon wiskinta ya yi ƙaranci, shi ya sa jabu ya yi yawa. Fitowar farko cikin jerin shekara-shekara na Diageo, wato ta 2001, an tace ta a 1979, shekara 22 a ganga, ƙarfin barasarta 56.2%. Idan an ce maka taka fitowar farko ce amma takardar jikinta ta saɓa wa wannan, ka yi hattara. Duba hatimin wuya da inda ruwan ya tsaya. In ya sauka har kafaɗa, toshiyar na yoyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwantar da ita. Ƙarfin barasar yana cinye toshiya, don haka a ajiye ta a tsaye, nesa da rana da zafi. Ba ta ƙara tsufa a kwalba. Kar kuma ƙamshin hayaƙin da aka san wiskin da shi ya ruɗe ka don ka ji ba shi da ƙarfi, daɗewa a ganga ke rage shi.

Kafin ka biya, kai ta gidan gwanjo irin Bonhams su tantance.